Aikin da Aka Ƙi Faɗa wa Auta

Ranar Litinin da hantsi, Auta tana shanya kayan makarantar yara a bayan ɗaki sai wayarta ta yi ƙara a kan taga. Ta goge hannu a gefen zane ta ɗauka.

Shekarunta arba'in da ɗaya, 'ya'yanta uku, babbar ma ta fi ta tsawo, amma har yau duk dangi Auta suke ce mata, mijinta ma ya kama. Shekara goma sha biyu ta yi a wata maɗaba'a tana tsara aiki. Ita ke cewa wane littafi zai hau wane inji, yaushe takarda za ta iso, yaushe mota za ta kwashi kaya. Da mai maɗaba'ar ya tsufa, 'ya'yansa suka ce su ba su da ra'ayin sana'ar, aka sayar da injuna aka garƙame ƙofa. Wata bakwai ke nan tana zaman gida. Ta gyara ɗakin ajiya har sau uku, ta jera tukwane bisa girma, har yara suka fara jin tsoron ajiye cokali.

Muryar wata budurwa ce a wayar, mai sauri kamar ana korarta. Ta ce daga ofishin da ke samar wa kamfanoni ma'aikata take kira, inda Auta ta kai takardunta wata huɗu da suka wuce.

"Malama, kina da intabiyu ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe. Layin masana'antu, bayan tashar jirgin ƙasa, gini na sha huɗu, mai shuɗin get."

Murna ta kama Auta. Ta jawo biro daga aljihun wandon ɗanta da ke kan igiya, ta fara rubutu a tafin hannu.

"Wane kamfani ne, ƙanwata?"

"Ba a ba ni izinin faɗa ba."

"To me suke yi?"

"Shi ma ba a ba ni izini ba."

"Aikin fa? Me zan riƙa yi?"

Auta ta ji ƙarar takarda, budurwar tana dubawa. "Abin da aka rubuto mana layi uku ne. Mai iya tsara aiki. Mai haƙuri da matsi. Mai iya zama da mutane."

"Ai wannan ko matar aure ake nema haka za a rubuta."

Budurwar ta tuntsire da dariya, sannan ta kama kanta. "Wallahi Anti, ni ma iyakar abin da na sani ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Da yamma, da mijinta, Malam, ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, ya tarar da yayanta ya riga shi zuwa. Yaya tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin yana kan hanya kafin gwiwa ta ajiye shi. Tun da labari ya same shi ya taho, ya kame a kan kujerar maigidan da kofin shayi a hannu.

"Banki ne," in ji Yaya. "Su ne masu ɓoye-ɓoye."

"Banki a bayan tashar jirgi?" in ji Malam. "Ni dai na fi zaton ma'ajiyar kaya ce."

"To ko masu haɗa roba."

Malam ya ce a bar cacar baki, a yi gwaji. Aka jawo teburin cin abinci tsakiyar falo. Yaya ya ari tabarau ɗin Malam ya ɗora a kan hanci, ya murtuke fuska, ya sa Auta ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Shigo. Zauna. Me ya sa kike son aiki a kamfaninmu?"

Auta ta shigo ta zauna.

"Saboda... saboda kamfaninku ya yi suna."

"Wane suna?"

Falo ya kaure da dariya, har da yara da ke leƙe daga ƙofar ɗaki. Auta ma ta yi dariyar, amma ba ta kai ciki ba. Ta san ranar Alhamis haka za ta zauna gaban mutanen da ba ta taɓa gani ba, tana yabon abin da ba ta sani ba, su kuma suna kallonta suna jin tausayinta. A maɗaba'a ba ta taɓa sa aiki a inji ba sai ta ga takardar da idonta, ta shafa ta da hannu.

"Yaya," ta ce, "motarka tana tashi?"

"In an tura ta."

"Gobe ƙarfe shida da rabi ka zo. Sun hana ni suna, amma ai sun ba ni adireshi."

Washegari suka ajiye tsohuwar motar Yaya a ƙarƙashin wata bishiya, daura da shuɗin get. Babu allo, babu rubutu, sai lamba sha huɗu da aka rubuta da farin fenti. Dogon gini ne mai rufin kwano, da wani bututu a bayansa yana fitar da farin hayaƙi.

"Na faɗa miki, roba ce," in ji Yaya.

Auta ta sauke gilashi ta shaƙi iska. "Hayaƙin roba baƙi ne, Yaya, kuma wari yake. Wannan tururi ne. Ba ka jin ƙamshin sabulu?"

Ƙarfe bakwai ma'aikata suka fara shiga, yawancinsu mata, wasu da takalman roba a leda. Jim kaɗan fararen motocin kaya suka fara isowa. Da maigadi ya buɗe get, Auta ta hango ana sauke manyan buhunan yadi a kan amalanke, wasu shuɗi, wasu ja. Ta buɗe littafin da ta taho da shi ta fara rubuta lokaci. Mota ta farko ta shiga bakwai da kwata. Ta biyu ta tsaya a waje, domin wata tana son fitowa, kuma get ɗin ɗaya ne. Kafin takwas da rabi motoci biyar sun yi layi a titi, direbobi sun fito suna ta danna wa juna baƙar magana.

Akwai wata mata mai ƙaramin kanti a gefen titi. Auta ta je ta sayi ruwan sha, suka gaisa, ta tambaye ta ko me ake yi a ciki.

"Wanki mana," in ji mai kantin. "Wankin asibitoci da na otal-otal. Zanin gado, tawul, rigunan likitoci. Ai kin ga tururi. In suka kunna injin guga har nan zafin yake zuwa."

Da ta dawo mota ba ta tarar da Yaya ba. Can ta hango shi a tsakiyar direbobi, hannu ɗaya a kan ƙofar wata mota, yana ba da labari suna ƙyaƙyata dariya. Sai da ya shafe rabin sa'a ya dawo, yana tafe yana ɗingishi yana murmushi.

"Direba ba ya ɓoye wa direba komai," ya ce. "Kin ga mai jar hular can? Na asibiti ne. Ana son ya kai wankakkun kaya kafin goma, amma kullum sai sha biyu yake isa, ya sha faɗa wajen nas-nas. A ciki wanda ya riga kawowa shi ake fara wanke wa, su kuwa 'yan otal sammako gare su."

Auta ta rubuta. A hanyar komawa ta sa ya biya da ita gidan ƙanwar Malam, wadda take aikin jinya, ta tarar da ita tana shirin fita.

"Anti Nas, jan buhun wanki a asibiti na mene ne?"

"Na kayan da jini ko wata cuta ta taɓa. Ba a haɗa shi da komai, ba a ma buɗe shi da hannu tsirara. Lafiya? Wanki za ki fara?"

"Wataƙila."

"To in kin je ki ce musu ɗakin tiyata ba ya jira. Ranar da koren zane ya makara, likita zaune yake yana kallon agogo, mara lafiya yana kwance da yunwa tun asuba."

Ranar Laraba ta sake komawa ita kaɗai a motar haya, don kada ta gina magana a kan safiya ɗaya. Abin da ta gani jiya shi ta sake gani, sai dai motocin shida ne. Daga can ta kira budurwar ofishin.

"Ƙanwata, ba sunan kamfani zan tambaye ki ba. Mutum nawa zan tarar a ɗakin? Minti nawa za su ba ni?"

"Wannan kam ba a hana ni ba. Su uku ne, manaja, da injiniya, da mai kula da ma'aikata. Rabin sa'a. Kin san ke kaɗai kika sake kira?"

Da rana ta zauna a teburin cin abinci ta tuno shekarunta na maɗaba'a, ta zaɓi labari uku ta rubuta su a taƙaice. Wanda ta fi so shi ne na makon da babban inji ya tsaya, ga takardun jarrabawar makarantu tara a hannu, ta raba aikin a ƙananan injuna biyu, ta sa masu ɗinkin littafi suka koma naɗe takarda, aka kai komai ana saura kwana ɗaya. Ta karanta wa Malam, ya ce ta rage "sai na ce, sai ya ce", ta je kai tsaye ga abin da ta yi. Ta rage. Ta goge kayanta, ta jera takardun shaidarta a fayil, ta kwanta da wuri.

Ranar Alhamis tara da rabi ta yi mata a cikin shuɗin get. Maigadi ya nuna mata wani ɗan ɗaki mai benci biyu da fanka. Mutum huɗu ta tarar, duk ta girme su. Wani saurayi mai kwat yana ta bitar wani littafin tallace-tallace. Wata budurwa ta raɗa mata cewa ita an ce mata aikin sakatariya ne, amma ba ta da tabbas. Saurayin ya ɗago ya ce shi dai tun da ya ji ƙamshin sabulu ya gane kamfanin haɗa sabulu ne. Auta ta ji tausayinsa, ta ce masa a hankali, "Ɗana, wanki suke yi, na asibiti da otal." Ya dube ta, ya dubi littafinsa, ya rufe shi.

Ita aka kira ta uku. Manajan mutum ne siriri mai furfura a gemu, ya jera biro uku a gabansa kamar sojoji. A damansa wata mata ce mai fayil, mai kula da ma'aikata. A hagunsa wani dattijo ne mai ƙiba cikin rigar aiki, da baƙin mai a farcensa, yana zaune kamar an tilasta masa. Shi ne injiniyan.

Aka gaisa. Matar ta yi mata tambayoyin da ta zata, ta ba da labarin takardun jarrabawa, manajan yana gyaɗa kai. Sai ya gyara zama.

"Malama, mun san ba a faɗa miki komai game da mu ba. Me kike zaton muna yi a nan?"

"Ranka ya daɗe, wanki kuke yi wa asibitoci da otal-otal. Kuna ware jan buhu daga shuɗi. Motocinku suna fara shigowa bakwai da kwata, kafin takwas da rabi biyar ko shida suna layi a titi, don get ɗaya ne na shiga da fita. Kuma kayan asibiti suna makara, saboda wanda ya riga kawowa ake fara wanke wa."

Matar ta daina rubutu. Fuskar manajan ta sauya.

"Wa ya faɗa miki wannan? Yarinyar ofishin can?"

"A'a, ranka ya daɗe, ita ko sunanku ta ƙi faɗa mini. Zuwa na yi na tsaya a titi, shekaranjiya da jiya."

"Wato leƙen asiri kika yi mana." Ya ɗauki biro ɗaya ya ajiye. "Tsarin da kike kushewa ni na kafa shi, shekara shida ke nan. Kowa ya bi layi, babu ɗan mowa."

Auta ta ga aikin yana sulalewa daga hannunta, ta ga kanta ta koma gida tana jera tukwane. Bakinta ya so ya fara ba da haƙuri ba ƙaƙƙautawa, ta danne shi.

"Ranka ya daɗe, ka gafarce ni in na yi saurin baki. Daga waje na gani, kuma safiya biyu ce kawai. Na san akwai dalilin da wanda ke titi ba zai gani ba. Amma an ce mini kuna neman mai tsara aiki, ni kuma ban iya zuwa wurin aiki hannu rabbana ba. In kun yarda, ni ma ina da tambaya. Injin wanki nawa gare ku, kuma wanne kuka ware wa jan buhu?"

Injiniya, wanda tun shigowarta bai ce uffan ba, ya ɗago kai. Ya dube ta, ya dubi manaja, sai ya fashe da dariya har tumbinsa yana rawa.

"Manaja, wata biyu muna wannan zama, ba wanda ya taɓa tambayata inji nawa gare ni. Malama, taso."

"Ba mu gama ba," in ji manajan.

"A can za mu gama."

Ya kai ta cikin babban ɗakin aikin, manaja da matar suna biye. Zafi ya buge ta a fuska. Manyan injunan wanki huɗu suna jere, uku suna juyi, ɗaya an buɗe cikinsa. Can ƙarshe ga dogon injin guga, mata biyu suna cusa masa zanin gado ta nan, biyu suna karɓa ta can. A jikin bango akwai farin allo cike da rubutu. Injiniya ya goge rabinsa da hannun riga ya miƙa mata alƙalamin allo.

"Na huɗu ya lalace, sai mako mai zuwa. Na ɗaya na jan buhu ne, ba a taɓa shi. Ga kayan asibiti biyu da otal uku. Tsara mini gobe."

Ta tambaye shi minti nawa wanki ɗaya yake ci, ya ce hamsin. Ta tambayi lokacin da ake buɗewa, ya ce in an so ana iya farawa shida. Ta tambayi abin da kan kwana ba a gama ba, ya ce tawul da ragowar zanin gado. Ta ja layuka a allo kamar yadda ta saba. Ta sa ragowar zanin gado a injin guga ƙarfe shida.

"Kin faɗi," in ji Injiniya. "Injin guga da tururi yake aiki. Sai tukunyar tururin ta yi sa'a guda tana zafi. Kafin bakwai wannan ƙarfe ne kawai mai sanyi."

Manajan ya harɗe hannu a ƙirji.

"Na gode, Baba. Ban san wannan ba." Ta goge layin da tafin hannu. Ta tsaya tana kallon allon, sannan ta ci gaba. "To ƙarfe shida masu guga su naɗe tawul ɗin jiya, tunda shi ba ya son guga. Kayan asibiti a ɗauko su tun da yamma, su shiga inji na biyu da na uku a daidai wannan lokacin. Bakwai saura minti goma sun fito, bakwai injin guga ya yi zafi, sun haɗu ke nan. Motar asibiti ta fita kafin tara. 'Yan otal kuma a ba su lokaci, kada su zo kafin tara da rabi, tunda baƙinsu ma ba su tashi daga gado ba. In ba su zo da sassafe ba, get ɗaya ya isa."

Ɗaya daga cikin matan da ke guga ta ce da ƙarfi, ba tare da ta juyo ba, "Allah ya sa a ji."

Manajan ya matso ya daɗe yana kallon allon. Ya nuna wani wuri da yatsa.

"Babban otal ɗin nan ba zai yarda da tara da rabi ba. Mai shi rigimamme ne."

"Ka ba ni lambarsa, ranka ya daɗe. Na yi shekara sha biyu da marubuta masu son littafinsu jiya."

Gemun manajan ya ɗan motsa, amma bai bari dariyar ta fito ba. A hanyar komawa ofis matar mai fayil ta faɗa mata dalilin ɓoye-ɓoyen. Suna dab da karɓar kwangilar wani babban asibiti, aiki zai ninka, za a koma aikin safe da na yamma, kuma ba sa son abokan gasa su ji kafin a sa hannu. Wanda za a ɗauka shi zai tsara duka biyun. Da za ta fita, manajan ya ce za ta ji daga gare su, bai ƙara komai ba.

Juma'a ta wuce shiru. Asabar ma haka. Malam ya ce ai manyan kamfanoni ba sa gaggawa, Yaya ya ce da ta bar shi ya shiga da ita da tuni an gama. Auta dai ta riƙa tuna fuskar manajan lokacin da ya ce leƙen asiri, tana cewa a ranta bakinta ne ya ja mata.

Ranar Litinin tana cikin motar haya za ta kai ƙaramar 'yarta wajen likitan haƙori, waya ta yi ƙara.

"Anti, me kika yi musu?" in ji budurwar ofishin. "Manajan da kansa ya kira. Ya ce a kawo masa matar nan mai tsayawa a titi. Farkon wata za ki fara."

Auta ta rangaɗa guɗa a cikin mota ba ta san ta yi ba. Direba ya taka birki, fasinjoji suka juyo, 'yarta ta rufe fuska da jaka don kunya.

"Lafiya, Hajiya?" in ji direban.

"Lafiya lau, ɗan'uwana. Aiki na samu!"

Motar ta ɗauka da barka. Wata tsohuwa a kujerar baya ta miƙo hannu ta dafa kafaɗarta tana sa mata albarka, kamar ta san ta tun tana goye.

Ranar ɗaya ga wata, shida saura kwata, aka ba ta farar rigar aiki da takalmin roba wanda ya yi mata yawa. Ta cusa takarda a bakinsa ta sa. Matan guga su huɗu suna tsaye suna jiranta, babbarsu ta riƙe ƙugu.

"To, Malama mai tsari, da me za mu fara?"

"Da tawul," in ji Auta, tana naɗe hannun riga. "Amma ku fara nuna mini yadda kuke naɗe shi, ni takarda na iya."

Suka yi dariya, suka matsa mata wuri a bakin teburi.